Dawo da Tsofaffin Saƙonnin Imel Cikin Thunderbird da Outlook: Tambayoyi da Amsoshi

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, teburin mai gyaran kwamfuta ba ya zama fayau. Wata laftof ta yi zafi ta mutu, wata ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe mata fanka, wata kuma fomat aka yi mata aka sa sabuwar Windows, musamman tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Hotuna da takardu ba su cika ba da wahala ba, kwafewa kawai ake yi a mayar. Imel ne ke tayar da hankali, musamman wanda aka ajiye a manhajojin karanta imel na kwamfuta, Thunderbird da Outlook, domin mutum yana ganin fayilolin a filashi amma ya rasa yadda zai buɗe su. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda malaman jami'a da ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa suka fi kawo mini shago, na haɗa su wuri ɗaya.

Malam, an ba ni filashi an ce saƙonnina duka suna ciki. Da me zan fara?

Da kwafewa. Ka buɗe sabuwar folda a kwamfutar, ka zuba duk abin da ke filashin a ciki, ka zare filashin ka jefa a aljihu. Daga nan duk abin da za ka gwada, a kan wannan kwafin za ka gwada shi. Dalili kuwa shi ne manhajar imel ba kallon fayil kawai take yi ba, tana rubutu a cikinsa da zarar ta buɗe shi. In aka samu kuskure a kan kwafi ɗaya tilo da kake da shi, babu inda za a koma.

Bayan haka sai ka duba irin fayilolin da aka ba ka.

Ta yaya zan gane irin ajiyar da ke hannuna?

Da farko ka sa Windows ta nuna maka ƙarshen sunan fayil, wato haruffan da ke bayan ɗigo, domin takan ɓoye su. A cikin File Explorer, ƙarƙashin View, akwai inda aka rubuta "File name extensions".

In ka ga fayil guda ɗaya ƙato mai ƙarewa da .pst, na Outlook ne, kuma ka yi sa'a. In .ost ne, shi ma na Outlook ne, amma akwai magana a kansa, za mu zo wurin. In kuwa ka ga fayiloli biyu-biyu masu suna ɗaya, kamar Inbox da Inbox.msf, Sent da Sent.msf, to na Thunderbird ne. Wanda ba shi da komai a ƙarshen sunansa shi ne ainihin saƙonnin, an jera su ɗaya bayan ɗaya a tsarin da ake kira mbox. Mai .msf ɗin jadawali ne kawai, kamar fihirisar littafi. Fayiloli ƙanana birjik masu .eml kuwa, kowane ɗaya saƙo guda ne, irin waɗanda Windows Live Mail ke ajiyewa. Mai .dbx tsohon hannu ne, daga Outlook Express na zamanin Windows XP.

Na sha ganin wanda ya goge Inbox ya bar Inbox.msf, wai shi ne mai kama da fayil na gaske tunda ɗayan ba shi da ko hoto. Dubi nauyinsu kawai za ka gane: ɗaya yana iya kai gigabayit, ɗaya bai taka kara ya karya ba.

Na Thunderbird ne. Ina zan saka su?

Ka buɗe Thunderbird a sabuwar kwamfutar, ka shiga Help, sannan "Troubleshooting Information". A shafin da zai fito ka nemi layin "Profile Folder" ka danna "Open Folder". Wannan ita ce foldar furofayil, inda Thunderbird ke ajiye komai naka. A Windows tana ƙarƙashin %APPDATA%\Thunderbird\Profiles, sunanta wasu haruffa ne a hargitse sai ɗigo sai default-release ko makamancin haka. Ka bar ta a buɗe, ka rufe Thunderbird gaba ɗaya. Rufewar nan ba ado ba ce. In manhajar tana aiki ka zuba mata fayil, ko dai ba za ta gan shi ba, ko ta rubuta nata a kansa.

Yanzu ka shiga Mail, ka shiga Local Folders. Nan ne masaukin tsofaffin saƙonni. Kafin ka zuba, ka canza musu suna: Inbox ya koma Inbox-tsoho ko Inbox-2021, Sent ya koma Sent-tsoho. In ba ka yi haka ba kuma akwai mai irin sunan a wurin, Windows za ta tambaye ka ko ta maye gurbinsa, mai gaggawa kuma amincewa kawai yake yi, sai tsoho ya cinye sabo. Ka kwafo waɗanda ba su da komai a ƙarshen suna kaɗai, ka bar masu .msf, Thunderbird za ta ƙera sababbi da kanta.

Ka buɗe Thunderbird, ka duba ƙasan jerin da ke hagu, ƙarƙashin Local Folders. Ka danna foldar ka ba ta lokaci. In saƙonnin shekaru ne, za ta ɗauki 'yan mintoci tana ƙirga su.

Wanda ba ya son taɓa waɗannan foldoji da hannunsa yana iya sa ƙarin manhajar nan mai suna ImportExportTools NG, ta yi masa aikin daga cikin Thunderbird. Ni dai hannu na fi amincewa da shi, saboda ina ganin abin da ya shiga da inda ya shiga.

Me ya sa sai Local Folders? Ga foldar akawun ɗina nan a ImapMail, ba can ya fi dacewa ba?

A'a, kuma wannan ita ce amsar da na fi so a riƙe a duk shafin nan.

Hanyoyi biyu ne manhaja ke karɓo imel. Akwai POP, tsohuwar hanya: manhaja ta je saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe imel ɗinka a intanet, ta kwaso saƙonni ta kawo gida, sau da yawa ma ta goge na can. Abin da ke kwamfutarka shi ne asali. Akwai kuma IMAP, wadda kusan kowa ke kanta yanzu: asalin yana saba, na kwamfutarka inuwa ce. Duk lokacin da intanet ta haɗu, Thunderbird na duba saba ta daidaita inuwar da abin da ta gani a can. Saƙon da babu shi a saba, ba shi da wurin zama a inuwa.

To ka ga abin da zai faru in ka zuba tsohon Inbox a cikin ImapMail. Saƙonnin da kake neman cetowa su ne daidai waɗanda saba ba ta da su, su ne kuma manhajar za ta watsar da zarar ta daidaita. Wani bawan Allah mai kai albasa kudu ya taɓa zuwa mini da wannan. Yaronsa ne ya yi masa, da kyakkyawar niyya. Sun ga saƙonnin na ɗan lokaci suna murna, ana kunna data suka ɓace. Abin da ya cece shi, yaron ya kwafa ne bai yanke ba, na filashin suna nan. Da yankewa ya yi, da rasitan cinikin shekara uku sun bi ruwa.

Local Folders kuwa ba ta da alaƙa da kowace saba. Abin da ka ajiye a can yana nan har sai kai ka goge shi.

Ƙarin bayani ɗaya ga wanda ajiyarsa daga ImapMail ɗin tsohuwar kwamfuta aka kwaso ta: fayilolin suna buɗuwa a Local Folders lafiya lau, amma saƙonnin da aka riga aka sauke kaɗai za ka tarar. In tsohuwar manhajar an saita ta kada ta sauke komai sai an danna, ajiyar za ta zo da giɓi.

Foldar ta fito amma babu komai a ciki, ko kuma na danna wani saƙo wani daban ya buɗe.

Jadawalin ne ya rikice. Ka danna foldar da maɓallin dama, ka zaɓi Properties, ka danna "Repair Folder". In bai yi ba, ka rufe Thunderbird ka goge fayil ɗin .msf na wannan foldar ka sake buɗewa. In har yanzu wayam, ka dubi nauyin fayil ɗin. Idan sifili ne, tun asali ba a kwaso komai ba.

Ina da ƙananan foldoji a cikin manya. Ba su fito ba.

Thunderbird na ajiye su a folda mai ƙarewa da .sbd. In kana da foldar imel mai suna Makaranta, ƙananan da ke cikinta suna Makaranta.sbd. Dole su tafi tare, fayil ɗin Makaranta da foldar Makaranta.sbd, gefe da gefe, da suna iri ɗaya. In ka canza wa ɗaya suna ka canza wa ɗayan. In uwar ta ɓata sai .sbd kawai, ka ƙirƙiri fayil marar komai ka ba shi sunan, 'ya'yan za su bayyana.

An kwaso mini foldar Thunderbird ɗin gaba ɗayanta. Ba zan iya mayar da komai lokaci guda ba?

Za ka iya, kuma shi ya fi sauƙi in sabuwar kwamfutar ba ta da saƙon da kake jin asararsa. Ka rufe Thunderbird, ka kwashe abin da ke cikin sabuwar foldar furofayil ka ajiye a gefe, ka zuba na tsohuwar a gurbinsa. Akawun da saƙonni da kundin adireshi, wanda ke fayil ɗin abook.sqlite, duk za su dawo. Daga sigar 102 ta shekarar 2022 akwai kuma Import a ƙarƙashin Tools da ke karɓar furofayil, sai dai in a dunƙule yake cikin zip, kada ya wuce gigabayit 2; wanda ya fi haka sai an warware shi tukuna.

Daga tsohuwar siga zuwa sabuwa babu matsala. Akasin haka ne ba ta yarda da shi: furofayil ɗin da sabuwar Thunderbird ta taɓa, tsohuwa za ta ƙi buɗe shi. Kada ka ɗauko tsohuwar manhaja daga wani faifan da ya daɗe a durowa, ka sauke ta yanzu.

Nawa .pst ne. Yaya ake yi a Outlook?

Hanya biyu ce, kuma mutane na rikita su. Duka suna ƙarƙashin File, "Open & Export".

Ta farko ita ce "Open Outlook Data File". Wannan buɗe fayil ɗin take yi a inda yake, ya fito a gefen hagu da foldojinsa daban, bai gauraya da sababbin saƙonni ba. Ita nake zaɓa kusan kullum. Amma ka lura, ba ta kwafe shi. In a filashi ka nuna mata shi, ranar da ka zare filashin Outlook za ta yi ta kukan ba ta ga fayil ba. Ka fara kai shi Documents, cikin Outlook Files, sannan ka buɗe. In daga faifan CD aka ɗauko shi, ka shiga Properties ka cire alamar "Read-only", don Outlook ba ta buɗe .pst ɗin da ba za ta iya rubutu a ciki ba.

Ta biyu ita ce "Import/Export", wadda ke juye saƙonnin cikin akwatin da kake amfani da shi yanzu. In akwatin na IMAP ne ko na ofis, to duk abin da ka juye sai ya hau saba ta intanet: datarka ce za ta tafi, kuma yana iya cika maka wuri. In dai sai ka yi, ka zaɓi "Do not import duplicates".

Duk wannan bayani a kan tsohuwar Outlook ce ta cikin Office. Sabuwar da ke zuwa da Windows 11 ba ta kai ta ƙwarewa a kan .pst ba, in kana da zaɓi ka yi aikin a tsohuwar.

Wanga .ost fa, mi ya sa ya ƙi buɗuwa?

Saboda ba ajiya ba ne, inuwa ce irin wadda na ambata a sama, kuma a ɗaure yake da akawun da furofayil ɗin da suka haife shi. Outlook ba ta da ƙofar shigo da shi. In akawun ɗin yana raye, ba ka ma bukatarsa: ka shigar da adireshi da kalmar sirri, saƙonni su sauko daga saba. In tsohuwar kwamfutar tana iya tashi ko da na rabin awa ne, ka kashe mata intanet, ka buɗe Outlook, ka fitar da komai zuwa .pst ta "Export to a file". Wannan ya shafi ma'aikacin da zai yi ritaya ko canjin wurin aiki, wanda za a rufe masa imel ɗin ofis. Ba a fafe gora ranar tafiya. In doka ta ba ka damar riƙe saƙonninka, ka fitar da su tun akawun yana aiki.

In an rufe akawun kuma kwamfutar ta mutu, sai manhajojin da ke juya .ost zuwa .pst, akasarinsu na kuɗi. Wasu na aiki. Waɗanda ake samu "kyauta" a shafukan da ba a san kansu ba, ni ba na sa su a kwamfutar mutane.

Na sauke saƙonnina daga Gmail ta Google Takeout. Me zan yi da su?

Ka warware zip ɗin, za ka tarar da fayil mai .mbox, galibi guda ɗaya da ya haɗe komai har da tarkacen Spam da Trash. Ka ba shi gajeren suna, ka cire .mbox ɗin, ka saka a Local Folders kamar yadda aka bayyana. Rabe-raben da ka yi a Gmail ba za su fito a matsayin foldoji ba, sai in tun wurin saukewa ka zaɓe su ɗaya-ɗaya. Masu yin haka yawanci gigabayit 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ne ya cika musu. Shawarata, kada ka goge komai a Gmail sai ka buɗe ajiyar da idonka, ka karanta saƙo na fari da na ƙarshe, ka buɗe takarda biyu ko uku da aka maƙala.

Zan iya kai na Thunderbird cikin Outlook, ko na Outlook cikin Thunderbird?

Kai tsaye a'a. Outlook ba ta karanta mbox, Thunderbird ba ta buɗe .pst. Thunderbird na iya jawo saƙonni daga Outlook in suna kwamfuta ɗaya kuma Outlook ɗin tana aiki. Ɗaya ɓangaren kuwa sai an yi gada: ka saka akawun IMAP ɗaya a manhajojin biyu, ka kwafa saƙonni zuwa cikinsa daga nan, su sauko a can. Masu .eml sun fi kowa hutawa, jawo su kawai ake yi da linzami a saki a cikin foldar Thunderbird.

Ina so tsofaffin su fito a wayata ma.

To sai sun hau saba. A Thunderbird ka buɗe sabuwar folda a ƙarƙashin akawun ɗinka, ka zaɓi saƙonni daga Local Folders, ka yi "Copy To", ba "Move To" ba. Ka riƙa yi kaɗan-kaɗan, ɗari biyu ko uku a lokaci ɗaya, domin intanet na iya yankewa a tsakiya, kuma kamfanonin imel na da iyakar abin da suke bari a ɗora a yini. Kafin ka fara ka tambayi kanka ko da gaske kana bukatar wasiƙun 2014 a aljihunka.

Fayil ɗin ya ƙi shiga filashi, wai ya yi girma, alhali akwai wuri.

Filashin na tsarin FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4. Ka kwashe abin da ke ciki, ka yi masa fomat zuwa exFAT ko NTFS. Abin tsoro a nan shi ne wanda aka yi wa ajiya da gaggawa ba a lura Inbox ya ƙi shiga ba, aka yi wa kwamfutar fomat. Shi ya sa nake gwada nauyin foldar asali da na kwafi a gaban mai ita kafin in goge komai.

Na kai filashin shagon buga takardu, na dawo foldojin duk sun zama shotkot.

Bayros ɗin nan ne da ya zagaye shagunan fotokofi, daga na bakin makarantu har na cikin kasuwa. Yawanci ɓoye foldojin yake yi, ba ya goge su. Kada ka danna shotkot ɗin. Ka wanke filashin da antibayros, sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sa harafin filashinka a madadin E. Sai dai a yi hattara da antibayros ɗin kansa: tunda mbox fayil ɗaya ne mai dubban saƙonni, in ya ga mugun abu a saƙo guda yana iya kama Inbox ɗin dungurungum ya kulle. In ka neme shi ka rasa, ka duba ma'ajiyar da antibayros ke tsare abin da ya kama kafin ka fid da rai.

An ɗauke wuta ina tsakiyar aikin, yanzu Outlook ta ce fayil ya lalace.

Ka jefar da wannan kwafin ka ɗauko sabo daga filashi, amfanin amsar farko ke nan. In asalin ne ya lalace, Office na zuwa da ƙaramar manhajar gyara mai suna scanpst.exe, a cikin foldar da aka girka shi. Tana yin nata kwafin mai .bak kafin ta fara, abin da ta tsinto ba ta san gidansa ba kuma ta zuba shi a "Lost and Found". Tsofaffin .pst na Outlook 2002 zuwa baya ba sa wuce gigabayit 2, da sun kai nan sukan lalace. Daga Outlook 2010 iyakar ta koma 50. Mai kwamfutar tebur da ba shi da batirin tsaro, ya jira sai an tada janareto.

Saƙonnin da na goge tun tuni sun dawo. Lafiya?

Lafiya lau. Gogewa a Thunderbird alama kawai take sa wa saƙo, yana nan kwance cikin fayil har sai an yi "Compact". Wani lokaci in aka sake gina jadawali sukan leƙo. Wannan ma dama ce ga wanda ya goge abu bisa kuskure: in ba a matse foldar ba, ana iya buɗe kwafin fayil ɗin da manhajar rubutu, a nemo layin X-Mozilla-Status na saƙon, a mayar da lambarsa 0000.

Hajiya ta ce ba ta son mai gyara ya karanta mata saƙonni. Akwai dabara?

Tana da gaskiya. Fayil ɗin mbox rubutu ne a fili, ko Notepad na karanta shi. Kalmar sirrin da ake sa wa .pst ma ba ta da wani ƙarfi. Foldar furofayil ta Thunderbird kuma tana ɗauke da logins.json da key4.db, waɗanda in sun haɗu a hannun mutum kalmomin sirrin da aka adana sun zama nasa, sai fa in an sa babbar kalmar sirri a manhajar. Ranki ya daɗe, ki zauna a yi aikin a gabanki ko ki turo wanda kika amince da shi, ki ga an goge kwafin da aka ajiye a kwamfutar shago, in kin koma gida ki canza kalmar sirrin imel ɗin daga wayarki.